Tungar Gawo Biyu Ce

Shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana Lawali. Ya cika wata ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar, a ɗakin bayan gidansa na Birnin Konni, ana tsakiyar bazara. Mu uku ne a kansa: matarsa Hadiza, da Kawu Nomau, wan mahaifiyarmu, da ni. Na fara da wannan ne domin haka aka hore mu a gidan rediyon da na yi aikin karanta labarai har na ajiye: a faɗi yaushe, a faɗi ina, a faɗi su wa. Ra'ayi, in akwai, ya biyo baya.

Ɗansa Mahamadu ne ya roƙe ni in rubuta wannan waiwaye. Shi da abokansa sun buɗe wani ɗaki a Konni inda ake koya wa matasa rubuta umarni ga na'ura mai ƙwaƙwalwa, sun kuma sa wa ɗakin sunan ubansa. Na je na gani. A bangon gabas, da shuɗin fenti, an rubuta maganar da garin nan ya san Lawali da ita: "Na'ura ba ta san dangi ba." Mahamadu ya ce mini, "Gwaggo, ke kika fi kowa saninsa." Na ce masa haka ne, kuma saboda haka ne ya kamata ya nemi wani. Ya nace. To ga shi.

Na san ladabin ambaton mamaci, kuma ina yi wa yayana addu'a kamar yadda kowace ƙanwa take yi. Amma mamata biyu ne a cikin wannan labari. Duk ranar da aka karanta rubutun bangon nan aka jinjina kai, a kan wuyan Kawu Nomau ake ɗaga Lawali. Kawu bai bar ɗa injiniya da zai yi masa fenti ba. Cikin waɗanda suka san yadda aka yi, ni kaɗai na rage.

A Konni ga yadda ake ba da labarin. A tsakiyar shekarun casa'in an yi wani furoje, wato aikin tallafi, na haƙa rijiyoyin burtsatse, waɗanda muke kira foraj, a ƙauyukan Konni da Illela. Lawali ne ke riƙe da na'urar da ke fitar da ƙauyukan da suka fi ƙishi. Sai kawunsa, mai garin Tungar Gawo ta ƙasar Tajaye, ya zo yana neman a sa garinsa ta bayan fage. Lawali ya dube shi a gaban jama'a ya ce na'ura ba ta san dangi ba. Na ji malaman lakwal, wato makarantar boko, suna gaya wa yara wannan labari. Na ji wani ɗan siyasa ya are shi a kan dandamali, har ya ƙara masa gishiri, wai Kawu da rago ya zo. Furojen gaskiya ne. Zuwan Kawu gaskiya ne. Maganar ma Lawali ya faɗe ta, kunnena ya ji. Rago da bayan fage su ne ƙarya. Abin da aka cire daga labarin kuwa shi ne Tungar Gawo biyu ce.

Ba zan rage wa yayana abin da yake da shi ba. Kai gare shi. Wani ma'aikaci da ya zo daga Yamai ne ya bar wa furojen na'urar da ƴan faya-fayan disket, ya koma. Lawali ya zauna shi kaɗai, da wani littafin Turancin Ingilishi da aka yi wa hoto shafi-shafi da ƙamus ɗin da ya sayo a Sakkwato, ya koya wa kansa harshen da ake ba ta umarni da shi. Bai taɓa karɓar goro daga hannun kowa ba. Ciwonsa guda ne, kuma tun muna yara na san shi da shi: ba ya iya haɗiye kuskure. In aka cinye shi a dara, sai ya share gurabun da ƙafa ya ce iska ce. Ni kuwa Aku yake ce mini, tun ranar da na fara aikin rediyo, wai abin da aka faɗa mini nake maimaitawa.

Dole in ɗan yi bayanin aikin, domin a cikinsa maganar take. Harshen sunansa Perl. A cikinsa akwai wata irin ma'ajiya da suke kira hash. Da yake nemo wa baƙin kalmomi Hausa wani ɓangare ne na aikina, na taɓa sa shi ya bayyana mini ita. Ya ce in ɗauka ɗaki ne cike da ƙorai, kowace ƙwarya da suna a jikinta. Ba a bin su ɗaya bayan ɗaya ana buɗe faifai. Suna ake kira, ƙwaryar ta zo hannu nan take. Sunan shi ne makulli, shi yana ce masa lakile. Kuma ƙwarya tana iya ɗaukar wasu ƙananan ƙorai a cikinta, kowace da nata sunan, su ma su ɗauki wasu.

Haka ma'aikacin Yamai ya bar bayanan a jere. Manyan ƙorai su ne arondisma, manyan gundumomin mulki, wato Illela da Konni; a lokacin Malbaza tana ƙarƙashin Konni. Cikin kowace arondisma akwai kantuna, wato ƙasashen sarakuna, cikin kowane kanto akwai ƙauyuka, cikin kowane ƙauye akwai yawan mutanensa, da ko yana da rijiya, da nisan ruwan da ya fi kusa. Tsari ne mai kyau ga wanda ya san ƙasar da yake nema. Amma direktan furojen ba ta ƙasa yake tambaya ba, ta sunan ƙauye yake tambaya. Duk lokacin da aka ambaci wani gari, sai na'urar ta bi arondisma, ta bi kanto, ta bi ƙauye, har ta iske shi. Tsohuwa ce, tana nishi, wuta kuma tana ɗaukewa. Jera dukkan ƙauyukan bisa tsananin ƙishinsu yakan cinye azahar har ya shiga la'asar.

Sai Lawali ya juya ma'ajiyar ciki waje. Ya fito da sunan ƙauye sama, ya mayar da kanto da arondisma ciki. Ya yi shi da gwaninta, wannan ban musa ba. Bai kwashe kayan ƙoran yana sake zubawa ba. Igiya kawai ya ɗaura daga kowane sabon suna zuwa tsohuwar ƙwaryarsa, a zagaye ɗaya, da layukan umarni da ba su cika tafin hannu ba. Kafin ya juya, ya kuma gyara rubutun sunayen, domin ƴan awon da suka zaga ƙauyuka da Faransanci suka yi lakwal, kowa da yadda ya ji. Wani ya rubuta Tounga Gao, wani Toungar Gawo. Lawali ya mayar da su duka Hausa tsantsa. Aikin da ke cin azahar har la'asar ya koma ana gama shi kafin shayi ya huce.

Ranar da ya nuna mini, ya ce in faɗi sunan kowane gari. Na faɗi ɗaya, ya fito. Sai na tambaye shi ina aka rubuta na ƙasar wa ne. Ban yi tambayar don na hango komai ba, sabo ne. A rediyo, darasin farko na mai karanta sanarwar rasuwa shi ne ba a karanta sunan ƙauye tsirara. Sai a ce Sabon Gari na ƙasar wane, ko Tunga ta su wane, in ba haka ba mutane su kwashi jiki su je gaisuwa gidan mai rai. Lawali ya yi dariya ya ce, "Aku, ƙasar tana ciki. Ke dai karanta abin da aka miƙo miki."

Akwai doka guda ta waɗannan ƙorai da bai gaya mini ba a ranar, ko da yake ya san ta. A jeri ɗaya, suna ɗaya ƙwarya ɗaya yake ɗauka. In aka zo da ƙwarya ta biyu mai suna iri ɗaya, sai ta hau gurbin ta farko, ta farkon ta ɓace daga jerin. Ba ƙara, ba gargaɗi. A tsohon tsari babu damuwa, domin kowane gari yana cikin kantonsa, takwara ba ya ganin takwara. Da aka fito da sunaye sama, sai takwarori suka haɗu a ƙofa ɗaya.

Tungar Gawo ɗaya tana kusa da Malbaza, gefen kwaltar da kamyoyi, manyan motocin siminti, ke bi, kuma tana da rijiyar siminti mai ruwa rani da damina. Ɗayar tana ƙasar Tajaye, cikin Illela. Nan aka haifi mahaifiyarmu. Tsohuwar rijiyarta ta ƙafe tun kafin a haife mu. Tun asuba mata da jakuna suke kama hanyar garin maƙwabta, a bazara kuma sai su tarar da shanu sun riga su, su jira. Ni da Lawali can muke hutun lakwal. Shi ma ya hau jakin nan, da salka biyu a gefensa, yana kuka saboda ƙafafunsa sun goge. A sabon jerinsa, ta Malbaza ta hau gurbin ta Tajaye.

Ni aka miƙa wa sunayen garuruwan da za a yi wa foraj, na karanta su a rediyo, kowane da ƙasarsa. Babu tamu. Kwana kaɗan sai ga Kawu Nomau a Konni. Bai san hanyar buro ba, wato ofishin furojen, saboda haka ni na raka shi. Bai riƙo komai ba sai sandarsa da hularsa ta kaba. Muka tarar da direkta yana nan, da ma'aikata, da wasu masu gari a kan benci suna jiran nasu. Kawu ya gaida kowa bi da bi, ya gaida ɗan ƙanwarsa kamar yadda ake gaida ma'aikaci, sannan ya ce yana son ya san dalilin da aka tsallake su. Lawali ya buga sunan. Ya karanta da ƙarfi: Tungar Gawo, akwai rijiyar siminti.

Kawu ya ce, "Lawali, ni ban zo roƙo ba, tambaya nika yi. Wa yah hwaɗa muku muna da rijiya?"

A nan nake so mai karatu ya tsaya. Kowa a ɗakin nan yana iya rashin sanin Tungar Gawo ta Tajaye, ban da mutum uku, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne ke zaune gaban na'urar. Na ga idonsa ya sauka ƙasan rubutun, inda sunan kanto yake. Na ga ya kai hannu ya share allon. Ya ce ƙila ƴan awo sun ƙidaya tsohuwar rijiyar, kuma shi abin da aka kawo masa yake aiki da shi. Kawu ya ce ai shi Lawalin ya san rijiyar, ya san awaki ke kwana a bakinta. Sai yayana ya juyo da kujerarsa yadda direkta zai ga fuskarsa da kyau, ya ce, "Kawu, na'ura ba ta san dangi ba."

Wani a kan benci ya yi ƴar dariya. Direkta ya gyaɗa kai kamar wanda aka shayar da zuma. Kawu ya sa hularsa, ya ce Allah shi ba da haƙuri, muka fito. Da zai hau mota washegari ya ce in gaida masa Lawali, in ce kada ya sa abin a ransa.

Zuwa lokacin ban san abin da ya faru a cikin na'urar ba. Na san dai an yi wa tsoho rashin kunya. Lawali da kansa ya nuna mini sauran, wata Asabar da hantsi, bayan ƴan makonni. Ya aiko a kira ni buro, na same shi yana fara'a. Ba don ya nemi gafara ya kira ni ba. Ya kira ni ne domin ya gano wani abu mai daɗi kuma babu wanda zai nuna wa. Ya ce ya ƙidaya ƙauyukan tsohon tsari, ya ƙidaya na sabo, ya ga na sabo sun kasa. Ya bi sawu har ya gane umarninsa ba ya sallama. Kalmarsa ce, ba tawa ba. Ya ce yana kutsa kai ne cikin gida bai tambaya ko akwai mai gida ba. Gyaran kuwa layi ɗaya ne: maimakon kowane suna ya riƙe ƙwarya guda, sai ya riƙe sahu, duk takwaran da ya zo ya tsaya bayan ɗan'uwansa. Ya ce ko ƙiftawar ido bai ƙara wa aikin ba.

Ya fito mini da sunayen da ke da takwara. Sabon Gari na nan, har da yawa. Akwai wasu Gidan wane da Gidan wane. Tungar Gawo na nan sau biyu, ɗaya da rijiya, ɗaya babu. Ba mu kaɗai aka danne ba ke nan, sai dai ban san masu sauran garuruwan ba, ban san ko sun taɓa zuwa sun yi tambaya ba.

"Kin san abin dariya?" in ji shi. "Bisa haruffa nake bin arondisma. Illela ta riga Konni, shi ya sa ta Konni ta shigo daga baya ta danne. Da ban yi ƙyuya ba na rubuta Birnin Konni cikakke, da tamu ce ta danne tasu."

Na ce, "Yaya, yaushe za ka gaya wa direkta?"

Fara'ar ta ragu. Ya ce an riga an sa hannu, an aika Yamai, motar haƙa ta riga ta kama hanya. Ya ce za a yi zagaye na biyu, kuma a zagaye na biyu Tungar Gawo za ta fito a sama da kanta, ba tare da kowa ya ce komai ba. Ya ce kuskuren ya mutu, shi ya kashe shi, mene ne amfanin tono gawa. Wanda bai faɗa ba shi ne maganarsa ta riga ta zaga gari. A kasuwa ana tsayar da shi ana miƙa masa hannu biyu. A masallaci ana nuna wa yara shi. Mutumin da ya ƙi kawunsa don gaskiya ba zai iya komawa ya zama mutumin da ya manta layi ɗaya ba.

Na je wurin direkta. Ya saurare ni da ladabi, ya sa aka kira Lawali, ya tambaye shi a gabana ko akwai kuskure a na'urar. Yayana ya amsa da Faransanci, ya ce na'urar tana aiki daidai, kowa ya zo ya gwada. Ku dubi kalmar: tana. Bai yi ƙarya ba. A aikin labarai mun san irin wannan jimla, wadda kowace kalmarta gaskiya ce kuma an gina ta domin a ɓatar da mai sauraro. Direkta ya raka ni ƙofa yana ba ni shawara cewa rigimar gida a gida ake kashe ta.

Na je Tajaye. Na zauna da Kawu a zaurensa, na ɗauko ƙorai biyu daga ɗakin matarsa na nuna masa yadda ɗaya ta hau ɗaya. Ya kalle ni har na gama. Ya ce, "Sa'ade, ƙarhe na mantuwa? Yaron ga tsoron Allah gare shi. Ni niy yi kuskure da nit tahi." Ya ɗauka ina neman in wanke shi ne don in faranta masa. A wurinsa ya fi sauƙi ya yarda shi ne mai son kai da ya yarda ɗan ƙanwarsa ya san gaskiya ya rufe. Daga wannan shekara ya daina zuwa taron masu gari, domin da ya shigo sai wani ya ce a matsa wa kawun na'ura. Sunan ya bi shi har gona.

Zagaye na biyu bai zo ba. Masu ba da tallafi suka janye, furojen ya rufe, aka lulluɓe na'urar da zane. Bayanan da Lawali ya bari ga waɗanda suka gaje shi gyararru ne, tsaf, kowane gari a sahunsa. Duk wanda ya buɗe su daga baya ba zai ga alamar an taɓa yin kuskure ba. Ya share gurabun da ƙafa.

Wani lokaci ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Na tabbata zai so saurin. Zai riƙe wayar jikarsa ya juya ta, ya ce abin da ya kwana yana yi ga shi a aljihun ɗan kabu-kabu. Zai raina matasan ɗakin nan, domin ya raina duk wanda aka koya wa. Zai tsaya gaban bangon gabas ya daɗe. Ko zai ce a goge? Na san shi shekara arba'in, kuma ban ga ranar da ya mayar da yabo ba. Ina jin harafi ɗaya zai samu wanda ya karkace, ya sa a gyara.

Ranar da na je ɗakin na tambayi Mahamadu ko harsunan da suke aiki da su yanzu har yau ƙwarya ta biyu tana danne ta farko. Ya ce ƙwarai, Gwaggo, haka aka gina su, ba lahani ba ne. Mai rubuta umarni shi ke da alhakin dubawa. To ashe maganar bangon gaskiya ce. Na'ura ba ta san dangi ba. Ba ta san ƙishi ba, ba ta san jaki ba, ba ta san inda awaki ke kwana ba. Saboda haka ne ma ake zaunar da mutum a gabanta. Furojen ya ɗauki ɗan ƙasa, wanda ya sha ruwan salkar garin, ya ba shi kujerar. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi, kuma bai ɗauke shi da gaggawa ba. Ya samu makonni yana cikin hankalinsa. Da labari ya kai Tajaye, Kawu ya hau bayan kamyo ya zo, da kwalbar rubutu da limamin garin ya yi. Da ruwan garin aka wanke allon, ruwan da jaki ya ɗauko, ja-ja da shi, laka ta kwanta a gindin kwalbar. Kawu ya tallafi kansa ya ba shi. Lawali ya sha. Ya san ɗanɗanon, na ga ya san shi.

Ranar Talatar, da na ga numfashinsa ya sauya, na sunkuya na ce, "Yaya, ga Kawu. Ka gaya masa."

Harshensa bai karye ba, don ɗazu ya ce wa Hadiza ta gyara masa matashi. Ya dube ni ya daɗe, irin kallon da yake mini in na gyara masa Hausa a gaban mutane. Sannan ya juya ya ce, "Kawu, ka yafe mini duk abin da na yi maka."

Kawu ya riƙe hannunsa ya ce, "Ba ka yi min komi ba, ɗana. Ni ad da laihi. Na yahe, duniya da lahira."

Hadiza ta yi kuka ta ce Alhamdulillahi, ya cika da neman gafara. Ni ba malama ba ce, ban san hukuncin yafiyar da aka bayar ba tare da an san abin da aka yafe ba, kuma ina roƙon Allah Ya karɓe ta, don rahamarsa ta fi fushina faɗi. Abin da na sani shi ne layi ɗaya ne ya rage masa a ranar ma, kuma yana da numfashin faɗinsa. Ya zaɓi kalmar "duk", wadda ke rufe komai ba ta ambaci komai.

Me ya saura na Lawali? Ɗa mai hankali, wanda ya karanta wannan rubutu kafin a buga, bai kuma ce in janye ba. Hannu mai tsabta, wanda ba kowa ke barin irinsa ba. Ƴan layukan nan nasa, da Mahamadu ya ce har yau ana iya koyar da su, musamman na biyun, mai sallama. Wannan gyaran shi ne aikin da ya fi kyau a rayuwarsa, kuma shi ne kaɗai ya ɓoye. Ban ce a cire sunansa daga ƙofar ba. Ya koya wa kansa abin da babu mai koya masa, ɗakin ya dace da shi. Amma in matasan nan suna son su koyi wani abu daga ubangidansu, ba maganar da ya yi wa tsoho a gaban benci ba ce. Su ƙidaya kafin su juya, su ƙidaya bayan sun juya. In lissafin ya kasa, su tashi daga kujera su je su faɗa tun motar haƙa ba ta wuce ba. Bangon gabas akwai sauran fili a ƙasan rubutun, ya isa kalma huɗu: Tungar Gawo biyu ce.

Malam Nomau, mai garin Tungar Gawo ta ƙasar Tajaye, bai zo da rago ba, bai nemi alfarma ba. Tambaya ya yi, kuma tambayarsa daidai ce. Ya rasu damina uku bayan Lawali. Sai bayan shekara goma sha ɗaya da rasuwarsa aka haƙa foraj a garin, da gudummawar ƴan cin rani. Gida shida suka rage ranar da ruwan ya fito.